Neman mugun sara da Kaeya: abin da na rubuta a rumfa, Garwa

Asabar, 8 ga Fabrairu 2025

Taubashina na Marwa ne ya tayar da wannan magana. Daren jiya ya turo min hoton wasan Genshin Impact ta WhatsApp, lamba ta fito a kan dodo sama da 100,000, ya rubuta a ƙasa: "Taubashi, naka nawa yake bugawa?" Ban amsa ba. Na san abin da nawa yake bugawa.

Shekara biyu ke nan ina buga Genshin Impact a waya, wasan da kamfanin miHoYo na Shanghai ya fitar a Satumba 2020. Ko sefa ɗaya ban taɓa zubawa a ciki ba, kuɗin data ma sai an yi dabara. Jarumina Kaeya ne, mai takobi da ƙanƙara, wanda ake ba kowa kyauta tun farkon labari a Mondstadt. Yawancin mutane da sun samu jarumi mai tauraro biyar, wato mafi daraja, sai su jingine shi. Ni hannuna ya saba da shi, kuma ina so in ga iyakar abin da zai iya in an kula da shi yadda ya kamata.

Wasan da Faransanci yake a wayata, don haka lambobi biyun da nake bi suna fitowa da sunan Taux CRIT da DGT CRIT. Mu a rumfa "kirit" muke cewa, wato mugun saran nan da ke ninka ɓarna. Ta farko zan riƙa kiranta sa'a: cikin sara ɗari, nawa ne zai zama kirit. Ta biyu nauyi: in ya zama kirit, nawa zai ƙaru. Kowane jarumi yana farawa da sa'a kashi 5, nauyi kashi 50.

Yadda Kaeya yake yau: mataki na 80, ƙarfin hari wajen 1,200, sa'a 19, nauyi 181. Feshin ƙanƙararsa in ya faɗo kirit wajen 4,000, in bai faɗo ba 1,400. A shafin baya na littafin da muke rubuta wayoyin gyara na ja layi, na yi feshi 50 a kan dodanni ina sa alama. Tara ne suka faɗo.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ƙanena yana ajin ƙarshe a lise, ɓangaren lissafi. Bayan la'asar na nuna masa shafin, ina cika baki da nauyi 181. Ya karɓi biro, ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, kai kana duban sara tara ne. Ina sauran arba'in da ɗaya?"

Ya zana min abin a bayan kwalin batir. Matsakaicin sara shi ne ɗaya, a haɗa da sa'a sau nauyi. Nawa: 0.19 sau 1.81, a ƙara ɗaya, ya ba da 1.34. Wato duk wahalar da na sha wajen tara nauyi, abin da take ƙara min a zahiri kashi 34 ne kacal.

Daga nan ya tambaye ni me zan iya canzawa. Na yi masa bayanin layu. Kowane jarumi yana ɗaura guda biyar: fure, gashin tsuntsu, agogon yashi, ƙoƙo, da kambi. Kambin ne kaɗai zai iya zuwa da sa'a ko nauyi a matsayin babban layi. In mai tauraro biyar ne aka kai shi mataki na 20, yana ba da sa'a 31.1 ko nauyi 62.2. Na nauyi ne a kan Kaeya, na sa'a kuma yana jaka tun bara ban ko kalle shi ba.

Ya sake buga lissafin da na sa'a: 50 da 119. Ya fito kusan 1.6. Ƙarin kusan kashi 19 ke nan, ba tare da na kashe komai ba sai musanya kambi.

Abin da ya fi burge ni, da kansa ya gano dokar da masu wasa ke ta maimaitawa, ta ɗaya da biyu. Ya lura wasan yana sayar da nauyi biyu a farashin sa'a ɗaya, 62.2 da 31.1. Ya ce in kana da waya mai tsawo ɗaya za ka kewaye fili da ita, filin da ya fi girma shi ne wanda tsawonsa da faɗinsa suka zo daidai. Haka nan ma, ribar ta fi yawa in nauyi ya ninka sa'a sau biyu. Yaron nan bai taɓa buga wasan ba. Allah ya yi masa albarka.

Na sa kambin sa'a. Babbar lambar ta sauko daga 4,000 zuwa 3,100, raina bai so ba. Amma dodon da nake kashewa da feshi shida, yau biyar ya ishe shi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Takobin Kaeya mai tauraro uku ne, Messager de l'Aube, 'yan Najeriya masu buga wasan da Turanci suna ce masa Harbinger of Dawn. Ƙarfinsa 401 ne a mataki na 90, kaɗan ne, amma yana ɗauke da nauyi 46.9, kuma muddin ran jarumi ya haura kashi 90 yana ƙara sa'a. A farko 14 yake ƙarawa. In ka narka masa irinsa guda huɗu sai ya kai 28.

Shekara biyu ina samun irin takobin nan ina jefa su abincin wasu makamai, don na ga tauraro uku na raina su. Da na tona jaka uku na samu. Na huɗun ya fito shekaranjiya daga ƙuri'ar kyauta. Yanzu sa'a 64, nauyi 119, lissafin ƙanena ya ce 1.76.

Yau Asabar, ranar littattafan Ballad, waɗanda Kaeya ke buƙata don ɗaga fasaharsa. Laraba da Asabar da Lahadi kaɗai ake samunsu. Duk ƙaron yau, wato kuɗin shiga kogon wasan, can ya tafi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kwana uku ina juya wani abu a raina, kuma ina ganin shi zai canza aikin gaba ɗaya.

Akwai jerin layu mai suna Briseur de glace, ko Blizzard Strayer. Guda biyu suna ƙara ɓarnar ƙanƙara kashi 15. Guda huɗu kuwa: in akwai ƙanƙara a jikin abokin gaba, sa'a ta ƙaru da 20, in ya daskare gaba ɗaya, a ƙara wani 20. Ban da wannan, in akwai jaruman ƙanƙara biyu a tawaga, ana samun ƙarin 15 a kan duk wanda ƙanƙara ta taɓa. Jimla 55 ke nan, kuma ko ɗaya ba ya fitowa a shafin lambobin jarumi, tunda ya dogara da halin da dodon yake ciki lokacin da takobi ya sauka.

Na kai wa ƙanena. Ya haɗa: 5 na asali, 28 na takobi, 55 na daskarewa, 88 ke nan kafin a taɓa kambi. Ya ce, "To Yaya, in ka bar kambin sa'a a kansa ka kai 119. Akwai abin da ya wuce kullum?" Babu. Sa'a ba ta wuce 100, duk abin da ya hau kai zubarwa ne.

Ke nan kambin nauyin da na cire sati biyu da suka wuce, shi ne daidai, sai dai a wancan lokacin ba a gina masa gindin zama ba. Dokar ɗaya da biyu tana nan, amma da lambar filin daga ake auna ta. Wanda ya kalli shafin Kaeya ya ga sa'a 40 da nauyi 200 zai ce mai shi bai iya ba, alhali a kan dodon da ya daskare 95 ce.

Tawagar da na tsara: Kaeya, Diona, mai ƙanƙara ta biyu, wadda garkuwarta za ta tsare ran Kaeya sama da kashi 90 don kada sa'ar takobi ta gudu, mai ruwa, don ruwa da ƙanƙara ne ke daskarar da dodo, sai Sucrose mai iska. A yanzu Barbara ce mai ruwan, amma sai an manne wa dodo ruwanta ke taɓa shi. Xingqiu nake so. A Maris da Satumba yake shigowa shagon Paimon, wato shagon cikin wasan, a kan taurarin saye 34, ina da 36.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama, Allah ya karɓa mana. Xingqiu ya shigo hannu ranar 1 ga wata.

Na rage wasa sosai, na tsara shi kashi biyu. Sabar Turai nake, kuma agogonta ɗaya da namu na Kamaru, ranar wasa tana sabuntawa ƙarfe 4 na asuba. Daidai sahur ke nan. Ina gama shan kunu sai in yi ayyukan yini huɗu cikin minti goma, in ajiye waya kafin kiran salla. A lokacin ne ma rezo ya fi sauƙi. Kashi na biyu bayan asham.

Ƙaro shi ne kuɗin shiga. Ɗaya yake dawowa duk minti takwas, 180 a yini, rumbunsa kuma yana cika a 200. Kowane zagaye na kogon layu 20 yake ci, zagaye tara ke nan a rana, kuma tun daga lokacin da ɗan wasa ya kai daraja ta 45 kowane zagaye yana ba da aƙalla laya ɗaya mai tauraro biyar.

Kogon yana ƙololuwar Vindagnyr a dutsen Dragonspine. Kaeya ba shi da amfani a ciki, don dodannin ma na ƙanƙara ne, ga sanyi yana taruwa a jikin jarumi har ya fara cin rai. Xiangling mai wuta ce ke yi min aikin.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafin samu. Kogon jeri biyu yake zubarwa, rabi ba nawa ba ne. Kowace laya ɗaya ce cikin gurbi biyar. Kambi goma, ɗaya ne ke zuwa da nauyi. Ƙoƙo ashirin, ɗaya ne ke zuwa da ƙanƙara. Kambin nauyi na jerin da nake so ɗaya cikin 100 ke nan, ƙoƙon ƙanƙara na jerin ɗaya cikin 200. Sauƙin da ake da shi, huɗu kawai ake buƙata daga jerin, ta biyar daga ko'ina. Gurbi ɗaya tak nake da shi na baƙuwar laya, kuma ƙoƙo da kambi duk suna son sa.

Laraba, 12 ga Maris

Daren jiya gashin tsuntsu ya faɗo, na jerina, da ƙananan layi huɗu tun farko: sa'a 3.5, nauyi 7.0, tsaro, da rai. Hannuna har rawa ya yi. Laya tana ƙara ɗaya daga cikin layinta duk mataki huɗu, a 4, 8, 12, 16 da 20. Wadda ta zo da huɗu cif tana samun ƙari sau biyar, wadda ta zo da uku kuwa na farkon yana tafiya wajen buɗe layi na huɗu. Kowane ƙarin sa'a tsakanin 2.7 ne da 3.9, na nauyi tsakanin 5.4 da 7.8.

Ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida, fitilar maƙwabci ce kaɗai ke haska layin. Na danna zuwa 4: tsaro. Na ce ba komai. Zuwa 8: tsaro. Na ajiye wayar a cinya, na sha ruwan randa, na sake ɗauka. Zuwa 12: rai. Babban yatsana yana kan maɓallin, zuciyata na cewa saura biyu, wa ya sani. Na tsaya. Kai laya zuwa 20 yana cin gogewa sama da 270,000 da kuɗin mora daidai da haka, kuma yawancinsa a matakan ƙarshe ne. Na narkar da ita cikin wani gashin, kashi 80 na abin da na zuba ya dawo.

Ƙa'idar da na kafa daga yau: in an kai 8 ba kirit ko ɗaya, a bari. Kuma don in kwatanta layu biyu, in ninka sa'a sau biyu in haɗa da nauyi. Wadda ta fi, ita ke zama.

Ƙoƙon ƙanƙara ya fito ranar Lahadi, amma na ɗaya jerin ne, na ruwa. Na riƙe shi. Gurbin baƙuwa ya cike, dole kambi ya zo daga Briseur de glace.

Laraba, 19 ga Maris

Kwana biyu babu wuta a unguwa, zafi ya haura 40. Binuwai ta ja baya, yashi ne ya fi ruwa yawa a ƙarƙashin gada. Wayar tana zafi kamar a soya ƙwai a bayanta, kuma in ta yi zafi da kanta take rage gudu, hoto ya riƙa tsinkewa. A haka garkuwar Diona ta faɗi ban gani ba.

Na cire mata riga, na mayar da hoto mafi ƙasa, firam 30. Tsakanin zagaye ina jingina ta da jikin randa ta waje, da ƙyalle busasshe a tsakani. Kada wanda ya sa waya mai zafi a firji. Raɓa ce ke taruwa a kan allon ciki, kuma duk bazara sai an kawo mana irinsu rumfa sun yi tsatsa. Ƙaro ya cika 200 ya tsaya yini guda. Maigida ya bar ni na yi caji da batirin rumfa bayan an tashi, na gode masa.

Laraba, 2 ga Afrilu

Barka da salla. An gama jeri.

Kambin bai fito daga kogo ba. A teburin haɗa magani akwai wurin da ake ba da layu uku masu tauraro biyar a karɓi ɗaya ta jerin da aka zaɓa. Tarkacen wata guda na kwashe na zuba, 39 suka zama 13, na goma sha ɗaya kambin nauyi ne. Ƙananan layinsa ba na nunawa ba ne, amma akwai 'yar sa'a a ciki.

Na kuma kai Kaeya mataki na 90. Furen calla 60 na tsinko a bakin ruwayen Mondstadt, da zuciyar ƙanƙara 20 daga Cryo Regisvine, kowane faɗa ƙaro 40. Matakin jarumi yana shiga lissafin tsaron dodo: in ku biyun kuna 90, rabin saran ne ke shiga.

Lambobi yau: hari 1,500, sa'a a shafi 44, a kan daskararre 99, nauyi 205, ƙarin ƙanƙara 61.6, fasahar feshi mataki na 9. Lissafin ƙanena ya tashi daga 1.34 zuwa 3.03.

Amma lambobin ba sa aiki sai da tsari, wannan ne ya ci min kwana uku. Da Kaeya nake farawa a da, sai saran farko ya sauka a kan busasshen dodo, babu 55 ɗin. Yanzu Diona ce farko, ta shafa ƙanƙara ta kafa garkuwa. Sai Sucrose ta kaɗa ƙanƙarar. Tana ɗauke da jerin iska mai rage juriyar dodo kashi 40 na daƙiƙa goma, kuma abin da ta kaɗa shi ake ragewa, don haka in Xingqiu ya riga ta jiƙa wurin, tana iya kaɗa ruwa, Kaeya ya tashi a tutar babu. Bayanta Xingqiu ya buɗe takubban ruwansa na daƙiƙa 15, sannan Kaeya ya shigo ya saki zoben ƙanƙararsa, ya yi ta sara yana feshi duk daƙiƙa shida. Ba a dirowa daga sama, ba a kawo mai katon takobi ko mai dutse, don nauyin bugunsu yana farfasa daskarewar.

Na sake ja layi a littafin rumfa. Feshi 50, kirit 47. Ukun da suka kuɓuce duk na gansu, ƙanƙarar ta narke kafin in danna. Mafi girma 13,800.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Jiya 16 ga wata Abis, ramin gwaji mai hawa 12 inda ake faɗa a kan lokaci, ta sabunta. Hawa na 11 na kwashe taurari tara, abin da ban taɓa yi ba. Dodanni suna fitowa, Sucrose ta tattara su, su daskare a tsaye, lambobi su yi ta zuba kai ɗaya. Ƙanena yana leƙe ta kafaɗata yana ƙirgawa da baki.

Hawa na 12 ne ya tsayar da ni. Manyan dodanni ba sa daskarewa. Kashi 20 ya tafi ke nan tun kafin a fara. Abin da ya fi muni, ruwan Xingqiu yana wanke ƙanƙarar daga jikinsu, sai 20 na farko da 15 na tawaga su riƙa zuwa suna ɓacewa. Da garkuwa ta fashe aka buge ni sau ɗaya, 28 na takobi ma ya bi su. Daga 99 na koma 16 cikin daƙiƙa kaɗan. Tauraro uku a kowane ɗaki na wannan hawa yana buƙatar a gama ɓangare biyu, kowanne da tawagarsa, cikin minti uku. Ni ɓangaren Kaeya kaɗai ya ci fiye da haka.

Muka zauna da kwalin batir. In ƙanƙara tana jikin babban dodo, kambin nauyi yana ba da 79 da 205, wato 2.62. Tsohon kambin sa'a ba na jerin ba ne, sa shi zai karya huɗun, ya bar ni da kusan 90 da 143, wato 2.29. In kuwa babu ƙanƙara a jikinsa sam, na nauyi ya faɗo 1.90, na sa'a ya tsaya a 2.07. Ƙanena ya ja layi a ƙarƙashin 2.62, ya ce, "Ba kambi ne matsalar ba, Yaya. Ka hana a wanke ƙanƙarar." Don haka a ɗakin babban dodo Xingqiu zai koma ɗaya tawagar wurin Xiangling, a bar Kaeya da Diona su riƙe sanyin.

Taubashina na tura masa bidiyon daƙiƙa talatin daga hawa na 11. Ya kira ni da daddare, muka daɗe. Ya faɗa min yadda aka yi hoton nan nasa: abincin ƙara ƙarfi, da'irar jarumi Bennett mai ƙara hari, haɗa wuta da ƙanƙara don ninka sara, sa'a ƙasa da 20, ya yi ta sake faɗan har kirit ya faɗo sau ɗaya. Ya ce in turo masa hoton kwalin, yana so ya gwada lissafin a kan nasa jarumin. Na tura.

Saura abu ɗaya a gaba. Kaeya yana shigowa shagon Paimon a Yuni da Disamba, kuma in ka same shi karo na biyu sai tauraronsa na farko ya buɗe, wanda ke ƙara sa'a 15 ga saran takobi a kan wanda ƙanƙara ke jikinsa, ba sai ya daskare ba. A kan babban dodo saran zai kai 94. Taurari 34 ake nema, 11 gare ni. Ƙaron daren yau zai tafi wajen jerin iska, don agogon Sucrose har yanzu a mataki na 12 yake.